Hazo a Waje, Hayaƙi a Ɗaki: Abin da Huhun Mutanen Haɗeja Ke Sha da Hunturu

Da sanyin safiyar watan Janairu, wanda ya tsaya a bakin kogin Haɗeja da ƙyar yake hango tsallake. Rana ta fito, amma ta yi fari fat kamar faranti, har mutum ya iya zuba mata ido bai ƙifta ba. Masunta sun naɗe kai da fuska, masu babura sun kunna fitila da hantsi. Duk abin da ka shafa, daga sirdin keke zuwa murfin randa, sai yatsanka ya ɗebo farin gari.

In ka shiga gari kuma, wani abu ne daban ke jiran hancinka. Masu banda sun jera tarwaɗa da karfasa a kan wuta. Masu gumi sun ɗora gangunan shinkafa. Mai shayi ya hura tasa, mai ƙosai ta hura tata, almajirai sun tara kara da leda a lungu suna jin ɗumi. Hayaƙin nan duka ba ya tashi sama yadda yake yi da bazara. Sanyin safiya danne shi yake yi, sai ya kwanta a tsakanin gidaje daidai tsayin mutum.

Wanda ke bin sallar asuba a jam'i a wannan lokaci ya san yadda tari ke amsa juna daga sahu zuwa sahu. Ka tambayi kowa, amsa ɗaya ce: sanyi ne. Yaro ya kwana yana nishi, a ce sanyi ya shige shi. Tsohuwa ta kasa kaiwa bakin rijiya sai ta tsaya ta huta, a ce sanyi ne da tsufa.

Sanyi yana da nasa laifin. Amma kaso mai yawa na abin da ake ɗora masa, aikin wani abu ne da ke cikin iskar kanta, wanda ido ba ya gani.

Ƙurar wani tafki da ya ƙafe

Ruwan kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, ya ratsa Auyo da Haɗeja da fadamun Kiri Kasamma da Guri, ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Abin mamaki, hanyar da ruwa ke bi ya tafi, kusan ita ƙura ke biyowa ta zo.

A arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, tazarar kimanin kilomita 1,000 daga Haɗeja. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, wurin ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka taru shekara da shekaru. Da hunturu, iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ke fitar da ƙura kamar Bodele. Wata har tana tsallake Tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon.

Mu ne a bakin hanya, saboda haka mu ke fara karɓar rabonmu.

Manomi ba ya ƙin hazo, kuma yana da hujja. Alkama tana son sanyin da ke zuwa tare da shi, ƙurar kuma tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sai dai abin da ya zama taki a gona, a ƙirji ba taki ba ne. A 2020, masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka sun haɗa bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya a Afirka kudu da Sahara da hotunan tauraron ɗan'adam. Sun gano cewa a shekarun da ƙurar Bodele ta fi yawa, mutuwar jarirai ƙaruwa take yi a Afirka ta Yamma.

Wanda muke haɗawa da hannunmu

Hazo baƙo ne, wata uku ko huɗu ya yi sallama. Hayaƙi kuwa ɗan gida ne.

Mafi yawan gidaje a masarautar Haɗeja da itace ake girki, ko kara, ko gawayi, wasu da kandilo. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a madafin ƙauye ya ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a jikin azara, har tana reto. Matar da ta yi shekara 30 tana tuƙa tuwo a ƙarƙashin wannan azara, iskar da ta shafe itacen nan da baƙi ita take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗakin girkin da iska ba ta ratsawa, yawan ɓurɓushin hayaƙi na iya ninka abin da jiki zai jure har sau 100.

Sannan arzikin fadamar ma da hayaƙi yake tafe. Kifin da ake lodawa daga kasuwar Haɗeja zuwa kudu sai an yi bandarsa, kuma mai banda yana wuni ne a kan wuta, ido ja, murya a dashe. Shinkafa sai an turara ta. Bayan girbi akan cinna wa tattaka wuta don a share fili da wuri a shiga noman rani, a bayan injinan casa kuma tulin ɓuntu kan yi kwanaki yana ci a hankali. Kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, ita ma in an yanke ta ta bushe, sau da yawa ƙonawa ake yi. Ga injin ban ruwa, ga janareto, ga bola da ake ƙonawa da robobi a cikinta, ga maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe ruf.

Tafiyar ɓurɓushi cikin ƙirji

Babban mutum yana jan numfashi wajen sau 20,000 a wuni da kwana, iskar da ke shiga kuwa ta haura lita 10,000. Abinci ana wanke shi, ruwa ana tace shi, amma iska yadda ta zo haka ake shanta.

Allah bai bar huhu ba tsaro ba. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, shi ya sa mai fyace majina da hunturu yake ganinta da launin ƙasa. Daga maƙogwaro zuwa ƙasa, hanyar iska tana rarrabuwa kamar yadda kogi ke rabuwa a fadama, babba ta haifi ƙanana, ƙanana su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har sau ashirin da wani abu. Bangon hanyoyin nan shafe yake da majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu siraran gashi da ke kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa ɗaya, suna tura majinar da dattin da ta kama zuwa sama. Kakin da mutum ke tofarwa da safe, sharar dare ce.

Matsalar tana ga ɓurɓushin da suka fi ƙarfin wannan tarko. Masana suna kiran su PM2.5, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba. Sai ka jera kusan 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Galibin hayaƙin itace da na dizal irin waɗannan ne, haka ma wani kaso na hazon da ya yi doguwar tafiya, domin masu nauyin tun a hanya suke zubewa.

Waɗannan suna wucewa har ƙuryar huhu, inda hanyoyin ke ƙarewa da wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, miliyan 300 zuwa 500. Da za a shimfiɗa bangonsu, zai rufe daɓen ɗaki huɗu ko biyar. Bangon ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, don ta cikinsa ne iskar oksijin ke tsallakawa zuwa jini. A nan babu gashi mai shara, babu majina mai kauri. Masu gadi kawai ake da su: wasu ƙwayoyin halitta masu yawo, waɗanda aikinsu shi ne su haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi.

Ƙwayar cuta tana narkewa. Gawayi da yashi ba sa narkewa. Mai gadi ya haɗiye, abin ya tsaya masa a ciki, ya ƙara haɗiye wani, har ya cika ya yi nauyi.

Ɓurɓushin hayaƙi kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. A jikinsa akwai kwalta da ƙarafa da sinadarai masu guba da suka manne masa tun daga cikin wuta. Da zarar sun taɓa ƙwayar halitta, sai su haddasa wani abu mai kama da tsatsa. Yadda danshi ke cin kwanon rufi a hankali, haka wannan tsatsa ke cin fatar ƙwayar, ta lalata 'yan injinan da ke samar mata da ƙarfi, wani lokaci ta kai ga rubutun gado da ke tsakiyarta, wanda shi ke gaya mata yadda za ta rayu da yadda za ta hayayyafa. Jiki yana da sinadaran da ke kashe tsatsar, amma suna da iyaka. In hayaƙi na shiga safe da yamma, ƙarewa suke yi.

Ƙwayar da ta ji rauni takan yi kururuwa, ta saki sinadaran kiran agaji. Dakarun jini su taso, wuri ya kumbura, majina ta ƙaru, hanya ta ƙuntata. Kumburin kwana biyu magani ne. Kumburin shekara ashirin shi ne cutar. Siraran gashin nan su gaji su karye, bangon hanyoyi ya yi kauri da tabo, jakunkunan iska su yage su haɗe da juna su daina aiki. Mutumin Guri ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ya ga yadda kachala ke cin hanyar ruwa kaɗan-kaɗan, har ranar da kwalekwale zai kasa wucewa.

Ɓurɓushin da suka fi kowa ƙanƙanta ma ba sa tsayawa a huhu. Su da sinadaran kumburin suna shiga jini, su taɓa jijiyoyi da zuciya. Shi ya sa a cikin mutum kusan miliyan 7 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashewa duk shekara, masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi masu ciwon huhu yawa.

Akwai kuma sankara. Tun 2013 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa gurɓatacciyar iska a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ta. A 2023, tawagar Farfesa Charles Swanton a Cibiyar Francis Crick da ke Landan ta nuna wata hanya da hakan ke faruwa ga wanda bai taɓa shan taba ba. A huhun mutane da yawa masu lafiya akwai 'yan ƙwayoyin da rubutunsu ya riga ya sami tangarɗa, amma suna kwance ba sa komai. Kumburin da ɓurɓushi ke jawowa shi ke tashinsu daga barci.

Da ɗan gari akan ci gari

Kafin sankara ta zo, akwai wadda ba ta jira: namoniya, wadda iyayenmu ke kira ciwon haƙarƙari.

A Malawi, inda ake girki da itace kamar mu, likitoci sun wanko masu gadin nan daga huhun mutane suka duba su da madubin ƙara girma. Na masu zama cikin hayaƙi cike suke da baƙin gawayi. Da aka gwada irin waɗannan da ƙwayar cutar namoniya, sai aka ga ba sa kama ta yadda ya kamata. Hayaƙi ba ya kawo ƙwayar cutar, tana nan a hancin yara da yawa tana zaman jira. Ƙofa kawai yake buɗe mata.

Alƙaluman Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2018 namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 160,000 a Najeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana danganta kusan rabin irin wannan mutuwa a duniya da hayaƙin cikin gida. A Jigawa, binciken lafiya na ƙasa na wannan shekarar ya nuna kimanin yaro ɗaya cikin biyar ba ya kaiwa shekara 5. Ba banza ba ƙungiyar Save the Children ta zaɓi jihar, tare da Legas, don aikinta na yaƙi da namoniya.

Sanƙarau ma da ƙura yake tafiya. Kowa ya san lokacinsa: daga tsakiyar hunturu zuwa zafin bazara, ya ɗauke da saukar ruwan farko. Bincike a Nijar ya nuna cutar na ƙaruwa bayan kwanakin ƙura da zafi, domin busasshiyar iska tana tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a arewacin Najeriya, ba su manta ba.

Goyo a baya, murhu a gaba

Jariri yana numfashi sau biyu ko uku fiye da babba, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Yawancin jakunkunan iskar nan bayan haihuwa ake yin su. Yaron da aka goya aka durƙusa da shi ana hura wuta, a tsakiyar aikin ginin ake zuba masa toka. Wanda huhunsa bai cika girma ba a yarinta, da wuya ya cike giɓin daga baya.

A nan ne maganar "sanyi ne" take yin ɓarna mafi girma, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mace ta haihu da hunturu, sai a toshe taga da tsumma, a saki labule, a shigo da kaskon garwashi, a zuba turaren wuta. Ana dafa ruwan wankan jego safe da yamma a ƙofar ɗakin. Yaro ya fara tari, kaka ta ce a ƙara rufe shi, a ƙaro wuta. An gudu gara, an faɗa gidan zago. Garwashi a rufaffen ɗaki ma yana da wani haɗarin na gaggawa, domin yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mutane cikin barci.

Uwar kuma nata yana jiranta a gaba. Mata da yawa da ba su taɓa riƙe sigari ba suna kaiwa shekara 50 da huhu irin na mashayin taba: tari mai kaki da ba ya jin magani, haki in an ɗan yi tafiya. A gwada tarin fuka a ce babu, a kira shi asma ko tarin tsufa, a sayi maganin tari a kemis a koma madafi.

Kowa da hujjarsa

Faɗa wa mace ta daina girki da itace abu ne mai sauƙi ga wanda ba shi ke cefane ba. Gidajen cikin gari da suka fara sabawa da gas, da yawansu sun jingine tukunyar sun koma gawayi bayan tsadar da ta biyo cire tallafin mai a 2023. Manomi zai ce in bai ƙone tattaka ba, da me zai biya masu kwashewa, ga lokacin shuka na wucewa? Mai banda zai ce hayaƙin ne ke ba kifi launi da ƙamshin da mai saye ke nema, kuma in bai yi ba kifin ruɓewa zai yi kafin dare.

Masu bincike ma ba su zo da albishir mai sauƙi ba. A Malawi an raba wa dubban gidaje murhun zamani mai ƙarancin hayaƙi, aka bi yara fiye da 10,000 har shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna namoniya ba ta ragu ba. Murhun kan lalace, mata kan haɗa da tsohon murhu, yaro kuma yana shaƙar hayaƙin maƙwabta da na bola. Rabon murhu a gaban kyamara, irin wanda 'yan siyasa ke so, ba zai wadatar ba in unguwa duka tana cikin hayaƙi.

Akwai kuma muhawara kan ko ƙurar hamada ta kai hayaƙi guba. Da yawa na ganin hayaƙi ya fi, saboda kwaltar da ke jikinsa. Ga mutumin Haɗeja wannan muhawara ba ta da wani amfani sosai, tun da a wata ɗaya yake shan su biyun.

A takarda, ba a rasa doka ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idar hana ƙone-ƙone a fili tun 2011, da ta ingancin iska tun 2014. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta na PM2.5 na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, ma'aunin da ranar hazo ɗaya ke ninkawa sau da yawa. Amma a yawancin garuruwanmu ba a auna iska kullum. Da baƙin toka ya fara sauka a Fatakwal a 2016, mutane sun fito zanga-zanga domin suna ganinsa a tafin ƙafar 'ya'yansu. Namu fari ne, kuma mun gaje shi, shi ya sa ba ya ba kowa haushi.

A ganina, abin da ya fi kusa da hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Akwai tandun banda mai bututun hayaƙi, irin wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa daga Senegal da wanda cibiyar binciken adana amfanin gona ta Najeriya ke ƙerawa. Kasuwa irin ta Haɗeja ta cancanci a gina mata su. Ɓuntu ana iya curawa ya zama makamashi, tattaka abincin dabba ce. Kowane asibitin karkara kuma ya kamata a ce yana da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, da tukunyar oksijin mai aiki.

Abin da ke hannun mai gida

Ba wanda zai tare iskar Bodele. Amma murhu ana iya fitar da shi tsakar gida, ko a huda wa madafi taga ta sama. Busasshen itace ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi nesa, leda kuwa bai kamata ta zama abin hura wuta ba. Lokacin girki a miƙa goyo ga wani. A yayyafa ruwa kafin shara. A ɗumama ɗakin jego da bargo da tufafi, in an shigo da garwashi a fitar da shi kafin a kwanta. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma da tsoho su rage fita. Rawani da mayafi suna tare manyan ƙwayoyi, amma ƙananan sai takunkumi irin N95, kuma ba a sa wa jariri takunkumi. Allurar rigakafin namoniya tana cikin alluran yara na kyauta tun ƙarshen 2014.

Idan yaro yana tari, a ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa shekara, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ko kuma aka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, to kada a ƙara masa bargo a jira gari ya waye. A kai shi asibiti a ranar.